Ƙungiyoyin Likitocin Idon Dabbobi: Abin da Suka Gina da Abin da Suka Bari

Idan likitan ido ya cire wa mutum yana, yakan maye gurbin madubin cikin idon da ya dushe da wani ɗan madubin roba. Ƙarfin wannan madubi, a ma'aunin da masu yanka gilashin ido ke aiki da shi, bai cika yin nisa da 20 ba. Idan kare ne aka yi wa aikin, ƙarfin nasa madubin kusan 41 ne, na kyanwa kuwa ya haura 50. Wanda ya ɗauko madubin mutum ya sa wa kare bai gama aiki ba, domin an cire yanar amma dabbar za ta ci gaba da gani dishi-dishi. Ba a littattafan likitocin mutane aka tsinci waɗannan alƙaluma ba. Wasu likitocin dabbobi ne suka duƙufa suna auna idanu, suka kai abin da suka samu gaban takwarorinsu, aka yi musu, aka sake aunawa, sannan kamfanoni suka soma ƙera madubin. Zauren da ake wannan musu shi ne ƙungiya. Saboda haka duk mai son ya san yadda ilimin idon dabbobi ya tsaya da ƙafarsa, sai ya bi tarihin ƙungiyoyin masu wannan sana'a.

Ƙungiyoyin nan iri biyu ne, kuma mutane kan gwama su. Akwai mai buɗaɗɗiyar ƙofa: duk likitan dabbobin da ke sha'awar harkar ido yana iya shiga, ya biya kuɗin shekara, ya je taro, ya ji, ya yi tambaya. Akwai kuma wadda suke kira kwaleji, ko da yake ba ta da aji ba ta da allo. Ita ba a shigarta da sha'awa kawai, sai an yi horo na shekaru an ci jarrabawa, kuma ita ke da ikon cewa wane ƙwararre ne, wane bai kai ba. Aikin ta farko yaɗa ilimi, aikin ta biyu tsare martabarsa.

A Amurka ta farkon ce ta riga zuwa. A 1957 wasu likitocin dabbobi da ido ya ɗauke wa hankali suka kafa ƙungiyar da ake taƙaita sunanta da ASVO. Daga cikin jagororinsu akwai William Magrane, wanda littafinsa kan idon kare ya fito a 1965. A lokacin babu mai takardar shaidar ƙwarewa a wannan fanni, domin babu mai ba da ita. Mutane ne masu asibitocinsu da malaman jami'a, da yawansu wajen likitocin idon mutane suka koyi riƙon kayan aiki. Sai bayan shekara goma sha uku, a 1970, aka kafa kwalejin ACVO. A Turai ma akwai buɗaɗɗiyar ƙungiya, ESVO, da kuma kwaleji, ECVO, wadda aka kafa a 1992. Birtaniya na da tata ƙungiyar, BrAVO, sannan tun 1980 akwai ta duniya baki ɗaya, ISVO. A riƙe wannan jeri na Amurka, domin ya nuna cewa masu sha'awa ne suka fara taruwa, daga cikinsu kwaleji ta tsiro.

Hanyar shiga kwaleji doguwa ce. Bayan mutum ya gama karatun likitan dabbobi, yawanci yakan yi shekara guda yana zagaya sassan asibiti, sannan ya nemi gurbin horo na aƙalla shekara uku a ƙarƙashin ƙwararru. A cikin waɗannan shekaru ana lissafa masa dabbobin da ya duba da irin tiyatar da ya yi, kuma ba a yarda ya tsaya kan kare da kyanwa kaɗai ba, sai ya san idon doki da na tsuntsu da na sauran dabbobi. Daga nan sai jarrabawa, ta rubutu da ta gwajin hannu. Guraben kaɗan ne, masu nema da yawa. Shi ya sa har yau, a ƙasa mai girman Amurka, ƙwararrun da ke riƙe da wannan shaida ɗaruruwa ne kawai.

Mai karatu na iya cewa wannan wahala ta yi yawa a kan gaɓa ɗaya ƙanƙanuwa. Amma idon dabbobi ba iri guda ba ne. Kare da kyanwa da saniya da doki suna da fatar ido ta uku da ke fitowa daga lungun ido ta wajen hanci tana share shi. A bayan idonsu akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, shi ne ke ƙyalli idan aka haska su da tocila da dare, kuma launinsa da fasalinsa sun bambanta daga dabba zuwa dabba, har likitan da bai saba ba yana iya ɗaukar lafiyayyen ido a matsayin mai ciwo. Idon doki na cikin mafi girma a dabbobin tudu, ga shi a gefen kai inda ƙaya da ƙura ke samunsa cikin sauƙi. Sannan marar lafiyar ba ya magana. Ba zai ce hagu ya fi dama ba, ba zai karanta haruffan bango ba. Komai sai an auna.

Ga misalin abin da ke faruwa a ɗakin duba. An kawo kare yana runtse ido ɗaya, kwantsa ta taru a gefe. Kafin a ɗiga komai, likita zai ɗauko ɗan siririn tsinken takarda mai layukan awo, ya lanƙwasa bakinsa, ya saƙala a cikin fatar ido ta ƙasa, ya duba agogo. Bayan minti ɗaya ya zare, ya ga iyakar inda hawaye ya jiƙa. Lafiyayyen kare kan jiƙa milimita 15 ko fiye. Idan ya gaza sosai, idon bushewa yake yi. Sai ya ɗiga wani rini mai ruwan goro, ya wanke, ya kashe fitilar ɗaki, ya haska da shuɗin haske. Idan akwai gyambo a tantanin gaban ido, wurin zai kama rinin ya yi kore shar. Wannan ɗigon rini shi ke raba hanya. Idan babu gyambo, maganin kumburi mai sinadarin siteroyid na iya kwantar da ciwon cikin kwanaki. Idan akwai gyambo aka ɗiga wannan maganin, yana iya hana wurin warkewa, ya ba ƙwayoyin cuta dama, har tantanin ya narke idon ya fashe. Kwalbar magani ɗaya ce, abin da ya bambanta shi ne ko an yi gwajin. Ni a ganina, ko da ƙungiyoyin nan ba su yi komai ba sai cusa wannan ɗabi'a a zukatan likitocin da ba ƙwararru ba, ta hanyar bita da laccoci, sun ci kuɗin shekararsu.

Sun kuwa yi abin da ya fi haka. Tun 1998 suke da mujallarsu ta bincike, wadda ba a buga abu a ciki sai wasu masana sun tace shi. Babban littafin fannin, wanda Kirk Gelatt na Jami'ar Florida ya fara fitarwa a 1981, ana ta sabunta shi da hannun masana da dama daga cikinsu. Amma aikin da ya fi burge ni shi ne mafi rashin armashi a ido, wato ajiye bayanai.

Turawa sun daɗe suna kiwon karnuka bisa jinsi, suna haɗa dangi da dangi don su tsare kama da launi. Sakamakon haka cututtukan gado sun yi katutu a wasu jinsunan. Akwai wanda tantanin bayan ido ke lalacewa a hankali: kare ya fara da dundumi, yana tuntuɓe da magariba, ya ƙare da makanta ɗungurungum. Matsalar ita ce ciwon kan bayyana bayan karen ya riga ya haifi 'ya'ya da jikoki. A 1966 ƙungiyar likitocin dabbobi ta Birtaniya ta fara wani shiri na duba idon karnukan da za a yi kiwo da su, wanda take gudanarwa tare da ƙungiyar masu rajistar karnuka da ta masu karnukan kiwon tumaki. Keith Barnett, wanda ya yi aiki a Newmarket, na cikin waɗanda suka ɗauki nauyin abin. A Amurka an buɗe irin wannan rajista a 1974, ƙwararrun ACVO ke dubawa su cike takarda iri ɗaya, a tura wuri ɗaya. Likita ɗaya zai iya ganin irin ciwon sau uku a rayuwarsa ya ɗauka tsautsayi ne. Idan aka haɗa takardun likitoci ɗari na shekara ashirin, sai a ga ciwon yana bin zuriya. Daga waɗannan takardu kwamitin ACVO ke fitar da kundin cututtukan ido da ake kyautata zaton na gado ne a kowane jinsi, da shawarar wanda za a bari ya haihu da wanda za a hana. Da ilimin ƙwayoyin halitta ya bunƙasa, bayanan suka zama tsani: a 2006 aka gano ainihin ƙwayar gadon da ke jawo ɗaya daga cikin nau'o'in wannan makanta da suka fi yaɗuwa, yanzu da ɗan yawu ko jini ana iya sanin kwikwiyon da ke ɗauke da ita.

Daga nan ne amfanin ya tsallaka zuwa ga ɗan Adam, ta hanyar da ba kowa ya sani ba. A ƙarshen shekarun 1980, wata likitar dabbobi a Jami'ar Georgia, Renee Kaswan, ta nuna cewa maganin cyclosporine, wanda ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda don kada jikinsu ya ƙi ta, idan aka sa shi a idon kare mai bushewar ido sai hawaye ya dawo. Kafin wannan, abin da ake yi wa irin waɗannan karnuka idan ciwon ya yi tsanani shi ne a karkato da bututun yawu zuwa ido, yawu ya maye gurbin hawaye. Maganin idon ya fara fitowa kasuwa don karnuka, daga baya aka amince da irinsa don mutane da sunan Restasis. Misali na biyu ya fi wannan girma. Wata mai bincike, Kristina Narfström, ta bayyana wata makantar gado a karnukan jinsin Briard a Suwidin. Aka gano cewa ƙwayar halittar da ta lalace a cikinsu, RPE65, ita ce ke lalacewa a wasu yaran da ake haifa da kusan makanta. A 2001 wata tawaga da ta haɗa likitocin dabbobi, Gustavo Aguirre da Gregory Acland, da masu binciken idon mutane, Jean Bennett da Albert Maguire, ta ba da rahoton cewa ta yi wa irin waɗannan karnuka allurar lafiyayyiyar ƙwayar a bayan ido, kuma sun gani. Ɗaya daga cikinsu, Lancelot, ya yi suna ƙwarai. A ƙarshen 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da maganin Luxturna don mutane, a kan wannan tubali. Wanda ke ganin duba idon kare almubazzaranci ne, ya kamata ya san akwai yaran da ke ganin hanya yau saboda shi.

Akwai kuma aikin alheri na kai tsaye. Tun 2008, kusan kowace shekara a watan Mayu, ƙwararrun ACVO kan duba idon dabbobin da ke yi wa jama'a hidima kyauta: karnukan da ke yi wa makafi jagora, masu shinshino bama-bamai da miyagun ƙwayoyi, masu neman mutane a ƙarƙashin ɓaraguzai.

Duk da haka akwai inda nake ganin ƙungiyoyin nan sun gaza, kuma ba ƙaramar gazawa ba ce. Ilimi na bin inda kuɗi yake. Tiyatar yana a kare, da na'urar da ke farfasa madubin da girgizar sauti ta tsotse shi, wadda Charles Kelman ya ƙirƙiro don mutane a 1967, kan ci dubban daloli, kuma akwai masu biya, musamman da yake mafi yawan karnukan da suka kamu da ciwon suga yana kan rufe musu ido. Saboda haka ƙwararru suka taru a manyan birane, bincike ya karkata ga kare da kyanwa da dokin masu hali. Wani ɓangare na aikin ma gyaran ɓarnar da mutane suka yi da gangan ne. Karnukan nan masu shafaffiyar fuska, irin su pug da bulldog, an yi ta kiwonsu har ramin idonsu ya zama marar zurfi, idon ya fito zuru-zuru, fatar ido ba ta iya rufe shi sosai, gashin fuska na gogarsa. Gyambo ba ya rabuwa da su. Ƙungiyar likitocin dabbobi ta Birtaniya ta fito fili ta shawarci jama'a su yi tunani kafin sayen irinsu, kuma ta kyauta. Amma muddin ana ɗinke idon ana sallamar mai kare ya je ya sake haifar da irinsa, likitoci na da sauran magana da kansu. Takardar shaidar lafiyar ido ba ta da ma'ana idan fasalin fuskar kansa shi ne cutar.

A gefe guda ga saniya. Ciwon idon shanu mai yaɗuwa, wanda ƙwayar Moraxella bovis ke jawowa kuma ƙudaje ke ɗauka daga ido zuwa ido, yana cikin cututtukan ido mafi yawa a shanun duniya. Yakan fara da zubar hawaye da gudun rana, sai ɗan farin tabo ya fito a tsakiyar ido, ya faɗaɗa, wani lokaci ya bar hakiya har abada. Saniyar da ba ta gani sosai ba ta kiwo sosai, sai ta rame, nono ya ragu. Asarar da wannan ciwo ɗaya ke jawowa babba ce, amma bai samu rabin kulawar da yanar kare ta samu a tarukan ƙwararru ba, domin ba wanda zai kai maraƙi asibitin birni a sa shi ƙarƙashin madubin tiyata. Likitan karkara ne ke fama da shi, shi kuwa ba ɗan kwaleji ba ne.

A nan ne zancen ya iso ƙofarmu. Dabbobin da rayuwar mutanenmu ta rataya a kansu su ne daidai waɗanda fannin ya fi yi wa riƙon sakainar kashi. Da damina, lokacin da ƙuda ya yi yawa, duk wanda ya shiga ruga zai ga shanu masu jiƙaƙƙen kunci. Akwai tsutsar ido, Thelazia, siririya fara kamar zare, da ke zama a ƙarƙashin fatar ido ta uku. Ita ma ƙuda ke kai ta, kuma idan ba a ɗaga fatar an duba ba, sai a yi ta ɗiga maganin ƙwayoyin cuta a banza. Da rani ya yi nisa, ciyawa ta bushe ƙurmus, ƙarancin bitamin A kan jawo wa dabbobi dundumi. Sammore, a wasu nau'o'insa, kan sa idon kare ko doki ko raƙumi ya yi fari. Jakin da ke ɗaukar mangala yini guda, bakin bulala kan same shi a ido, ƙuda ya ƙarasa. Dawakin hawan salla ma ba su tsira daga kumburin cikin ido da ke tafiya yana dawowa ba, wanda a wurare da dama aka danganta da ƙwayar Leptospira, kuma yana cikin manyan dalilan makantar dawaki a duniya. Makiyayi kuwa ba ya zuba ido yana kallo. Yana son dabbarsa, zai yi abin da ya sani: wani ya hura gishiri ko garin taba, wani ya aika kyamis a sayo masa maganin idon mutane, wanda sau da yawa akwai siteroyid a ciki. Ba sakaci ba ne, rashin wanda zai nuna masa ne.

Ba mu rasa tushe ba. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana nan tun 1924. Akwai tsangayoyin koyon likitancin dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri, akwai majalisar da ke yi wa likitocin dabbobi rajista, akwai ƙungiyarsu ta ƙasa, akwai kwalejin da ke ba su shaidar ƙwarewa bayan digiri. 'Yan Nijar da dama a makarantar Dakar, wadda ƙasashen yankin masu magana da Faransanci suka haɗu suka kafa a 1968, suke karatu. A Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa, a Kano akwai tsohon asibitin ido na mishan, cike da likitocin idon mutane waɗanda za a iya koyon riƙon kayan aiki a wajensu, kamar yadda su Magrane suka yi.

Abin da nake so matasan likitocinmu su ɗauka daga tarihin can shi ne matakin 1957, ba na 1970 ba. Kwaikwayon kwaleji mai tsauraran sharuɗɗa, a wurin da na'urar auna ƙarfin ruwan ido ma ba kowane asibitin dabbobi ke da ita ba, zai samar da mutum biyar masu lambar girma a Abuja da Legas, shanun Gumel da na Dakoro kuwa suna nan yadda suke. Abin da zai yi aiki shi ne buɗaɗɗen zaure, ko da a ƙarƙashin inuwar babbar ƙungiyar likitocin dabbobi ne, wanda zai karɓi malamin jami'a da likitan ƙaramar hukuma, har da malaman dabbobi da ke bin kasuwanni da rugage, domin su ne ke fara ganin idon. Ƙofar ISVO a buɗe take ga masu sha'awa daga kowace ƙasa, kuma laccoci da yawa yanzu ta intanet ake yi.

Aikin farko ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Takarda ce guda, iri ɗaya, da kowa zai riƙa cikewa: wace dabba, wane ido, wane wata, me aka gani da tocila, rinin ya kama ko bai kama ba, an ɗaga fatar ido ta uku ko ba a ɗaga ba, me mai dabbar ya riga ya sa. A kara da mayanka, inda dabbobi ke wucewa ta hannun likita kowace safiya, ana iya cike irinta da yawa cikin mako guda. Tsinken rini da na awon hawaye ba su da nauyi ba su da tsada, suna shiga aljihun riga. Idan aka tara takardun damina biyu daga Sakkwato zuwa Maiduguri, za a san ko tsutsa ce ta fi yawa ko ƙwayar cuta, a wane wata ciwon ke tashi, da kuma maganin da ya kamata a tanada a asibitocin dabbobi kafin ruwan farko ya sauka.